Akwatin Baiko da Kuɗin Kirifto: Wa Ke Riƙe da Mabuɗi?

A zamanin Yowash sarkin Yahuza, Haikali ya tsattsage. Jama'a suna kawo kuɗi, firistoci suna karɓa, shekaru suna wucewa, gyara kuwa shiru, har shekara ta 23 ta sarautarsa. Littafin Sarakuna na biyu, sura 12, ya ba da labarin dabarar da ta warware matsalar. Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagade, duk kuɗin da aka kawo sai a zuba ta wannan huda. Idan aka ga kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙidaya, su ɗaure a jakunkuna, sa'an nan a miƙa wa masu lura da aikin. Mutum biyu ne daga gida biyu, ɗaya na fada, ɗaya na Haikali, kowa idonsa a kan hannun ɗan'uwansa. Daga nan ne masassaƙa da magina suka fara ganin ladansu.

Yawancin ikkilisiyoyi a ƙasar nan suna bin wannan tsari har yau, ko sun tuna asalinsa ko ba su tuna ba. Bayan an tashi sujada dattawa biyu ko uku su zauna su ƙidaya baiko, a rubuta a littafi, ma'aji ya kai banki ranar Litinin, ba a kuma cire ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu. Tsarin yana da nawa, wani lokaci har da ban haushi, amma shi ya hana ikkilisiyoyi da yawa rabewa gida biyu.

Yanzu ga wani sabon kuɗi ya shigo gidajen masu bi, galibi ta wayar 'ya'yansu, wanda ba ya shiga akwati, ba a kuma baza shi a kan tebur a ƙidaya. Ana ce da shi kirifto. Masu tallarsa suna cewa da shi mutum zai taimaki mabukata a ko'ina cikin duniya, ya yi sayayya, har ya ba da hayar sararin da ya rage a faifan ajiya na kwamfutarsa a riƙa biyansa yana barci. Iyaye suna tambaya ko abin ya halatta ga mai bi. Wasu su ce alamar dabbar nan ce ta Wahayin Yahaya, wasu kuma su ce ƙofar albarka ce ta buɗe. Duka biyun sun yi gaggawar yanke hukunci. Tambayar da ta fi kusa da zuciyar lamarin ta amana ce: in an ce na'ura ta karɓi aikin magatakarda da na babban firist, mene ne ya rage a wuyan mutum?

Kuɗin da ba shi da gida

Kirifto rubutu ne a cikin wani kundin lissafi, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya suke riƙe da kwafinsa iri ɗaya. Babu takarda, babu tsaba, babu babban bankin da ya buga shi. Idan wani ya aika wa wani, sai a rubuta cewa adadi kaza ya tashi daga lamba kaza ya koma lamba kaza, da zarar kuwa rubutun ya tabbata ba a gogewa. Na farkonsu shi ne Bitcoin. Wani mutum, ko wasu mutane, da suka ɓuya a bayan sunan Satoshi Nakamoto suka bayyana tsarinsa a watan Oktoba 2008, daidai lokacin da manyan bankunan Amurka suke durƙushewa, ya kuma fara aiki a Janairu 2009. Manufarsu ita ce mutum biyu su iya musayar kuɗi ba tare da sun dogara ga na uku ba.

Inda ake ajiye kuɗin ana iya kiransa lalita. Kowace lalita tana da lamba kamar ta asusun banki, sai dai babu suna a jikinta. Tana kuma da mabuɗi, wanda yawanci jerin kalmomi ne guda 12 ko 24. Duk wanda ya san kalmomin nan, a idon na'ura shi ne mai kuɗin, ko shi ya tara ko sata ya yi. Babu manajan da za a je a yi wa kuka.

Adalci ne a faɗa cewa matasan da suka rungumi wannan abu ba hauka suke yi ba. A farkon watan Yuni 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan wajen naira 460. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ajiye gumin shekara biyar a naira ya zauna yana kallo yana narkewa kamar man shanu a rana, ba tare da ya yi laifin kome ba. Hukuma ma ta sauya magana a kai. A Fabrairu 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, a Disamba 2023 ya ɗage hanin, a Maris 2025 kuma aka sa hannu a dokar da ta sa irin waɗannan kadarori a ƙarƙashin hukumar lura da hannayen jari. Saboda haka riƙe kirifto ba karya doka ba ne. Amma mai bi ya san abin da doka ta ƙyale da abin da lamiri ya amince da shi ba kullum suke zama ɗaya ba.

Mai bayarwa da mai riƙo

An yi alheri na gaske ta wannan hanya, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye shi. A watan Oktoba 2019 hukumar UNICEF ta buɗe asusun karɓar gudummawa da kirifto. A ƙarshen Fabrairu 2022, kwana biyu bayan sojojin Rasha sun kutsa Yukren, gwamnatin ƙasar ta wallafa lambobin lalitarta, cikin 'yan makonni kuwa miliyoyin daloli suka shigo daga mutanen da ba su taɓa taka ƙasar ba. Amma labarin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na Disamba 2017, sa'ad da wani da ya kira kansa Pine kawai ya sanar cewa dukiyar da Bitcoin ya kawo masa ta fi ƙarfin bukatarsa, zai rabar da mafi yawanta. Cikin wata biyar ya ba da fiye da Bitcoin 5,000, wajen dala miliyan 55, ga ƙungiyoyin agaji 60, ya rufe asusun ya tafi abinsa. Babu allon marmara mai ɗauke da sunansa, babu wanda ya ba shi kujerar gaba a wurin taro. Wanda ya saba da bukin kafa gidauniya, inda mai gabatarwa yake kiran suna da adadi da lasifika, jama'a suna tafi gwargwadon nauyin ambulan, zai ji ɗan kunya in ya karanta labarin nan. Abin da Yesu ya koyar cikin Matiyu sura 6 game da ba da sadaka a ɓoye, ga na'ura ta sauƙaƙa shi fiye da kowane zamani.

Sai dai a lura da wani abu a labarin. Mai bayarwa ne ya ɓuya. Masu karɓa kuwa an jera sunayensu a fili, ƙungiyoyi ne masu ofis da shugabanni da littafin lissafi, waɗanda kowa zai iya zuwa ya tambaya me suka yi da kuɗin.

Littafi Mai Tsarki ya raba waɗannan biyu rabuwa mai kaifi. An umarci mai bayarwa ya ɓoye hannunsa, domin kada yabon mutane ya cinye ladansa. Mai riƙon abin da aka bayar kuwa an umarce shi da kishiyar haka. Sa'ad da manzo Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ko da yake shi ya kafa yawancin ikkilisiyoyin da suka bayar. Cikin Korantiyawa ta biyu sura 8 ya bayyana cewa ikkilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi rakiyar kuɗin, ya kuma faɗi dalili, wato kada kowa ya sami abin zargi. Bai ishe shi ba a ce Allah ya san zuciyarsa, yana so mutane ma su gani da idonsu. Haka Ezra, da zai taso daga bakin kogin Ahawa da azurfa da zinariya na Haikali, ya auna su a gaban waɗanda za su ɗauka, da aka isa Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta nauyin. Manzo da malamin Attaura ba su ɗauki bincike a kan cin mutunci ba. Ma'ajin da yake hushi in an nemi ganin littafinsa, sai ya tambayi kansa ko ya fi su tsarki ne.

A nan ne kirifto yake da wata ruɗarwa wadda ta yaudari masu ilimi ma. Ana cewa babu tsarin da ya kai shi bayyana gaskiya, gama kowa zai iya buɗe kundin ya ga tafiyar kowane kwabo. Haka ne. Kundin zai nuna cewa kuɗi kaza ya shiga lamba kaza ranar Talata da ƙarfe huɗu. Ba zai nuna ko hannun wa ke riƙe da mabuɗin lambar ba. Ba zai nuna ko an sayi buhunan masara an kai sansanin 'yan gudun hijira, ko mota aka saya ba. Yana ganin hanya sarai, amma makaho ne a bakin ƙofa, alhali kuwa a bakin ƙofa ne ake cin amana. Mayafin da ya rufe mai bayarwa mai tawali'u, shi ne kuma yake rufe ɓarawo. Bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya a Fabrairu 2023, 'yan damfara sun baza hotunan yara a cikin ɓaraguzai a dandalin sada zumunta, da lambobin lalitarsu a ƙasa. Waɗanda suka aika sun aika da zuciya ɗaya, kundin kuma ya rubuta kome daidai, ba kuskure ko ɗaya.

'Yan Nijeriya sun riga sun ɗanɗana yadda ake sa wa kwaɗayi rigar taimako. Tsarin MMM, wanda shi ma ya karɓi Bitcoin a wani mataki, bai kira abin da yake yi zuba jari ba. Ya ce mutum yana ba da taimako ne, bayan wata guda kuma ya karɓi taimako, da ƙarin kashi 30 cikin ɗari. A Disamba 2016, ana shirin Kirsimati, ya rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ƙiyasta daga baya cewa mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Abin baƙin ciki shi ne ta hanyar zumunci cutar ta fi yaɗuwa, ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, na mawaƙa ya jawo na mawaƙa, gama wa zai yi shakkar wanda suke addu'a tare? Shekara takwas da 'yan watanni bayan haka, a Afrilu 2025, aka sake kwatawa da CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 ta cinikin kirifto, har fusatattu suka far wa ofishinsa a Ibadan. Taimakon da ake bayarwa domin a karɓi ninkinsa ciniki ne, kuma mugun ciniki, domin ribar na farko daga aljihun na ƙarshe take fitowa.

Akwai kuma jarabar da ta fi wannan wayo. Sam Bankman-Fried, mai kamfanin musayar kirifto na FTX, ya yi suna da cewa yana neman dukiya ne kurum domin ya rabar da ita ga ayyukan alheri. Ƙungiyoyi suka karɓi kyautarsa, jaridu suka yabe shi. A Nuwamba 2022 kamfanin ya rushe, aka tarar wajen dala biliyan 8 na masu ajiya sun salwanta. A Maris 2024 kotu a Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara 25, wasu daga cikin ƙungiyoyin da suka ci kyautar kuwa sai da suka mayar. Ashe da kuɗin mutane yake karimci. Kyauta ba sabulu ba ce, ba ta wanke hanyar da aka bi aka samo abin da aka bayar.

To, idan wani ɗan ikkilisiya da ke aiki a ƙasar waje ya ce zai aiko da gudummawar rufin ɗakin sujada da kirifto, domin ya fi sauri ya kuma fi arha, a ƙi ne? Babu dalilin ƙi, muddin an mai da akwatin Yehoyada cikin sabon tsarin. Abin da yake faruwa sau da yawa shi ne dattawa ba su fahimci abin ba, sai su ce wa wani saurayi mai kaifin kai ya karɓa a wayarsa. Ko yaron nan ya fi kowa gaskiya, an zalunce shi, gama an ɗora masa jaraba shi kaɗai, an kuma hana shi shaidar da za ta wanke shi ranar da zargi ya taso. Fasahar kanta ta tanadi magani: akwai lalitar da ake tsarawa ba ta sakin kuɗi sai mabuɗi biyu daga cikin uku sun haɗu, daidai da sa hannu biyu a takardar banki. Idan ikkilisiya ba ta da mutum uku da za su iya riƙe irin wannan, lokacinta na karɓar kirifto bai yi ba, sai mai bayarwa ya canja kuɗinsa ya aiko ta banki.

Abin da ya shigo kuma a mai da shi naira da wuri, a rubuta adadinsa a littafi, a karanta wa jama'a. Za a sami mai cewa a dakata, farashi zai hau, kuɗin rufi zai zama na rufi da bene. Yana iya kawo misalin talanti na Matiyu sura 25 ya kafa hujja. Amma bayin nan da dukiyar ubangidansu suka yi kasuwanci, shi ya ba su gwargwadon iyawarsu, shi kuma ya zo ya bi lissafi. Wanda ya ba da kuɗin kwano, kwano ya nufa. Bitcoin da ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamba 2021 ya dawo wajen 16,000 a Nuwamba 2022, bai kai rubu'i ba ke nan. A Mayu 2021 Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya ba asusun yaƙi da annobar korona a Indiya wani kirifto da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 1. Da labarin ya bazu farashinsa ya rikito, abin da aka iya mayarwa kuɗin hannu kuwa ya gaza wancan adadi nesa ba kusa ba. Ma'ajin da ya riƙe baiko yana jiran hawan farashi caca ya yi da abin da ba nasa ba, ko da a ƙarshe ya ci riba. Cin ribar ma ya fi haɗari, domin gobe zai sake.

Saura tambaya mai wuya, wadda ba ta da amsa guda. Babbar kyauta ta shigo daga lalitar da ba a san mai ita ba, a karɓa? Ikkilisiya ba ta taɓa binciken asalin kowace naira ɗari da ta faɗa a faranti ba, ba kuwa za ta iya ba. Amma akwai bambanci tsakanin anini biyu na gwauruwa da kuɗin da zai gina asibiti. Mai son ɓoye kyautarsa daga idon jama'a yana da cikakken iko, sai dai ɓoyewa daga jama'a dabam, ɓoyewa daga dattawa biyu masu riƙe asiri dabam. Wanda ya ƙi ko da wannan, mai yiwuwa ba yabo yake gudu ba.

Mudun da ke sauya girma

Batun sayayya bai kai wannan nauyi ba, domin har yanzu kaɗan ne suke sayen gishiri da kirifto. A ranar 22 ga Mayu 2010 wani mai rubuta manhaja a jihar Florida ta Amurka ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza guda biyu, cinikin da ake ba da labarinsa har yau, rabi dariya rabi tausayi. Ƙasar El Salbado ta mai da Bitcoin kuɗin hukuma a Satumba 2021, amma yawancin 'yan ƙasar suka ci gaba da cinikinsu da dala, a Janairu 2025 majalisa ta janye tilascin karɓarsa. Dalili a fili yake. Abin da mutum yake tsammani zai ninka gobe ba ya son kashe shi yau, abin da yake tsoro zai faɗi kuwa mai kanti ba ya son karɓa.

Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ya ajiye mudu biyu a gidansa, babba da ƙarami. Kuɗin da darajarsa take tashi da faɗuwa cikin yini ɗaya mudu ne mai sauya girma da kansa, saboda haka a kowane ciniki sai a tambaya wa zai ɗauki asarar in ya tsuke. Tsakanin 'yan kasuwa biyu da suka san abin da suke yi, ruwansu. Amma maigidan da ya biya yaron shagonsa ko mai aikinsa da irin wannan, ya ɗora wa marar ƙarfi haɗarin da shi mai ƙarfi ya guje wa. Gaskiya ne akwai nau'in da aka ɗaure darajarsa da dala, kamar USDT, shi ne ma 'yan kasuwa suka fi amfani da shi wajen biyan kaya a ƙetare. Sai dai ƙarfinsa ya dogara ga gaskiyar kamfanin da ya ce yana da dalolin a ajiye, wato an koma ga amanar mutum ta ƙofar baya. Wani irinsa mai suna TerraUSD ya zama toka cikin 'yan kwanaki a Mayu 2022.

Ga kuma rashin komowa. A kasuwa, in kaya suka fito da aibi, akwai dillali, akwai shaidu, akwai sarkin kasuwa, akwai kunyar ido. A nan in kuɗi ya tafi ya tafi. Wanda ya biya baƙo kafin ya ga kaya, cinikin biri a sama ya yi.

Rumbun haya

Maganar samun kuɗi da faifan kwamfuta ita ta fi jan hankalin ɗalibai, tana kuwa bukatar a rarrabe, domin abubuwa dabam dabam ne ake kira da suna ɗaya.

Akwai wanda sana'a ce ta gaske. Tsare-tsare irin su Storj da Filecoin suna karɓar bayanan mutane da na kamfanoni, wasunsu su kulle su yadda ba mai iya karantawa, su ajiye a kwamfutocin waɗansu mutane a ƙasashe dabam dabam, su biya masu kwamfutocin da kirifto. Wannan bai bambanta da mai rumbu da ya karɓi ajiyar hatsin maƙwabci a kan lada ba. Fitowa sura 22 ta yi doka a kan mai karɓar ajiya, ta ɗora masa nauyin amsa tambaya in kayan suka ɓace. Tsarin ma haka yake yi. Ana gwada mai faifan a kai a kai ko ajiyar tana nan, in kwamfutarsa ta cika mutuwa a rage masa lada ko a sallame shi, Filecoin kuwa sai mutum ya ajiye jingina, wadda za a yanka in ya gaza. Wato maganar a biya mutum yana barci ba ta cika ba. Mai gadi ake nema, mai gadi kuwa ba ya barci.

Wani zai damu cewa bai san abin da ke cikin ƙunshin da yake ajiyewa ba, kada ya zama ƙazanta ce ko kayan ɓarna. Damuwa ce mai kyau, ba a raina ta. Direban da ya ɗauki kaya a ɗaure daga tasha shi ma bai san cikinsu ba, ba a kuwa kama shi da laifi sai in yana da dalilin yin zato ya kau da kai. Wanda lamirinsa bai kwanta ba ya bari, kada kuma ya hukunta wanda nasa ya kwanta.

Lissafin ne dai ba ya goyon bayan yawancin gidaje a nan. A 2024 abin da Storj yake biya a kan ajiye terabait ɗaya, wato gigabait dubu, na wata guda bai kai dala 2 ba, ban da ɗan ƙarin da ake samu in masu kaya sun ɗebi kayansu. A watan Afrilu na shekarar aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A ɗauka ƙaramar kwamfuta ce mai cin wat 30, tana kunne dare da rana. A wata za ta sha yunit 21 da 'yan kai, kusan naira 4,900 ke nan, kafin a yi maganar kuɗin intanet da man janareta. Ladan terabait ɗin kuwa, a canjin lokacin, bai wuce naira 3,000 ba. Idan duk da haka yaro yana ganin riba, sai a duba wa yake biyan wutar. Yawanci uba ne, ko ofis, ko makaranta. Sararin da ake kira rarar da ba mai so yana da mai shi, wutar da ke juya faifan ma haka. Ma'aikacin da ya sa kwamfutar ofis, ko ta ikkilisiya, tana yi masa wannan aiki da dare ba da izini ba, ya ɗauki abin wani, ko da ba a ga ya fita da kome a hannu ba.

Akwai kuma irin Chia, wanda ya fito a 2021. Shi ba ajiyar kowa ake yi ba. Ana cika faifan da lambobi marasa amfani ga kowa, kamar tikitin reful, wanda ya fi yawan sarari ya fi samun damar cin lada. A shekarar, mutane suka yi ta sayen faifai har farashinsu ya tashi a wasu ƙasashen Asiya. Kuɗin Chia ɗaya ya haura dala 1,000 a watan Mayu, kafin ƙarshen 2022 ya faɗo ƙasa da dala 50. Rumbu ne aka cika da ƙaiƙayi ana jiran sa'a. Na ƙarshe kuwa shi ne wanda za a ce wa mutum ba sai yana da kwamfuta ba, ya biya kuɗi a saya masa sarari a wani wuri da ba zai taɓa gani ba, a riƙa ba shi riba kowane mako, da ƙari in ya kawo mutum uku. Wannan MMM ne ya sake riga.

Mabuɗi a cikin gida

Akwai wani ɓangare da ya shafi iyali kai tsaye, wanda masu talla ba sa ambata. A 2013 faifan wani injiniyan kwamfuta a garin Newport na ƙasar Wales ya tafi juji bisa kuskure, da mabuɗin Bitcoin wajen 8,000 a cikinsa. Ya shafe fiye da shekara goma yana roƙon a bar shi ya tona jujin, a Janairu 2025 kotu ta kori ƙararsa. Shi dai yana da rai, ya kuma san inda dukiyarsa take kwance.

Abin da ya fi wannan ciwo yana iya faruwa a kowane gida. Magidanci yana tara kuɗi a lalitar da shi kaɗai ya san kalmominta. Bai gaya wa matarsa ba, wataƙila don kada dangi su ji, wataƙila don yana ganin ba za ta gane ba, wataƙila kuma akwai abin da ba ya so ta sani. Ran nan ya fita bai dawo ba. Da a banki kuɗin yake, da matar ta nemi takardar gado daga kotu ta kai, kome daɗewa za a ba ta. Da a hannun wani kamfanin musaya mai rajista yake, da akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Amma lalitar da mutum ya riƙe da kansa ba ta san kotu ba, ba ta san gwauruwa ba. Kalmomin nan suna bukatar a rubuta su a takarda, a ajiye inda miji da mata suka sani, ba a hoton waya ba, ba a kuma karanta su ga kowa da ya bugo waya yana cewa shi ma'aikacin kamfani ne. Inda ba a yi haka ba, kuɗin zai zauna a kundin da adadinsa cif. Marayun za su iya buɗe waya su gan shi duk ranar da aka koro su daga makaranta saboda kuɗin zango, ba kuwa wanda zai iya taɓa shi.